Hutun Mutum Ɗaya

A ɗakin malamai suka fara haɗuwa. Tana neman alli, ya miƙa mata guntun da ya rage masa, hannun rigarsa fari fat. Tun ranar take kiransa Mai Alli, shi kuma yana ce mata 'Yar Baba, don ba ta buɗe baki ba ta ambaci mahaifinta ba.

Makarantar ta gwamnati ce, ba ta rufewa ranar idinsu, don ba ya cikin ranakun hutun hukuma. Malami ɗaya ake ɗaga wa ƙafa duk shekara, bi da bi. Bana layin Mai Alli ne. Bana ne kuma idin farko tun rasuwar mahaifiyarta, abin yana cin ranta.

Ana gobe idi saƙonsa ya shigo: "'Yar Baba, an ce ki zauna gida gobe. Kar ki bar Baba shi kaɗai."

Murna ta hana ta tambayar dalili.

A wurin ibada Baba ya duba, bai ga Mai Alli, wanda ke neman auren 'yarsa, ba. Ɗan amininsa, wanda ya daɗe yana sonta, ya raɗa masa cewa malamin yana makaranta.

"Wanda ya fifita aiki a kan ranar ibada ba zai riƙe min 'ya ba," in ji Baba. "Magana ta ƙare."

Ta sha kuka, ta daina ɗaukar wayar Mai Alli. Suna haɗuwa a baranda sai ta kau da kai, duk ta rame. Ran nan shugabar makaranta ta tare ta.

"Malama, kin ko gode masa? Hutunsa ya ba ki, ya haɗa ajinki da nasa."

Ta ɗauko waya ta rubuta masa: "Mai Alli, me ya hana ka faɗa min?"

"Da na faɗa, da ba ki karɓa ba, masoyiyata."

Da ta gaya wa Baba, ya daɗe yana kallon kujerar marigayiya.

"Ashe shi ya zaunar min da ke ranar. Ki ce ya turo manyansa."

Aka ɗaura aure a dogon hutu. Dokar makaranta dai tana nan. Da idi ya zagayo layinta ne, amma ta ɗauki alli, ta tura mijinta wurin Baba.

Tsohon ya riƙe hannunsa, idonsa ya ciko.

"Allah ya yi muku albarka, ɗana. Ya nuna min ranar da za mu zauna mu uku."