Baƙin Layi a Takardar Lissafi

Mai sito ne ya fara ganin ambulan ɗin, ya kawo shi ofishin Darakta. Ambulan ne na tambayoyin lissafi, na jarrabawar shiga sakandare da za a yi washegari. An ɓalle bakinsa, an sake mannewa, gam ɗin ko bushewa bai yi ba.

Darakta ya sa aka rufe ƙofar ma'aikatar ilimin, ya kira Malama, mai duba makarantu, don ita kaɗai ce ba ruwanta da sito.

"Malama, in tambayoyin nan sun fita daga ginin nan, doka ta ce in soke jarrabawar yankin gaba ɗaya, sai baɗi. Kafin a tashi aiki nake son sani."

Malama ta karɓi ambulan ɗin. 'Yarta ta fari na cikin masu zaman jarrabawar. Da safen nan ta baro ta tana fiƙe fensir, tana tambayar ko a wanke mata takalmi.

Malama ta zazzage takardun a tebur, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Adadinsu cif. Sai dai ta saman ta fi sauran fari, kuma wani siririn baƙin layi ya ratsa gefenta na hagu. Ta san layin nan. Duk takardar da ta fito daga injin kwafi na ɗakin rajista da shi take fitowa.

Ta fara da shugaban sashen jarrabawa.

"Yallaɓai, mabuɗin sito ɗaya yana hannunka."

"Da rana. Kin san sito kwaɗo biyu ne, nawa da na mai sito." Ya yi murmushin takaici. "Kuma ni na tsara tambayoyin nan, Malama. In ina son sayarwa, sai na sha wahalar gam?"

Ta dubi babbar wayarsa a kan tebur. Mai irin wannan hoto zai ɗauka, ba zai nemi inji ba.

Daga nan ta je wurin mai sito.

"Malam, ka iya aiki da injin kwafi?"

"Ni? Ran da na taɓa shi ya cinye takardar hutun Darakta. Tun ranar aka yi min iyaka da ɗakin."

"Da aka tashi jiya, ina ka kai mabuɗinka?"

"Inda kowa ke kaiwa. Akwatin rajista."

Haka tsarin ma'aikatar yake: kowane sashe, in an tashi, sai ya miƙa mabuɗinsa ga akawun rajista, shi ya rataye a akwati, shi kuma yake fara zuwa da safe ya raba.

Ta tarar da akawun yana huda takardu yana zura musu zare. Dattijo ne, shi ya buɗe mata fayil ranar da aka ɗauke ta aiki. 'Yar ƙaramar wayarsa mai maɓalli na gefen tawada.

"Baba, ina kwana. Ka tuna abin da ka koya min ranar farko?"

"Na koya miki da yawa, 'yata. Rabi kika riƙe."

"Wannan na riƙe. Ka ce takarda in ta shigo rajista, ta asali ba ta fita. Kwafi ake bai wa mai ita."

Mahujin ya tsaya a hannunsa.

Ta ajiye takardar mai baƙin layi a gabansa. "Wanda ya buɗe ambulan ya zare ta sama, ya yi kwafi. Da wani ne, da ya mayar da ta asali ya tafi da kwafin, ba mai ganewa. Amma hannun da ya saba, ko mai shi na sauri, kwafi yake mayarwa. Baba, buɗe min aljihun teburinka."

Ya jawo aljihun. Takardar asali na ciki, har ya huda ta a kusurwa.

"Jikana ne," ya ce a hankali. "Bara lissafi ya kayar da shi. Uwarsa ta ce in ya sake faɗuwa za ta cire shi daga makaranta."

"Wa ya gani?"

"Ba kowa. Da safen nan na yi. Sai an tashi zan kai masa."

"Ka fita ko bakin ƙofa?"

"Tambayi maigadi."

Ta tambaya. Maigadi ya ce Baba ko shayinsa bai fito saye ba yau, har ya ɗauka azumi yake.

Ta koma ta ɗauki takardun biyu.

"'Yata, ki rufa min asiri."

"Baba, tawa ma gobe za ta zauna. Wata uku tana fama da lissafin rabawa, tana kuka, ina zaune kusa da ita. Da ka kai wannan gida, da ka kayar da ita da jikanka tare." Ta tsaya a bakin ƙofa. "Zan faɗa wa Darakta takardar ba ta fita ba, don gaskiya ce. Sauran kai za ka faɗa da bakinka. Taso mu je."

Da yamma Darakta ya karɓe akwatin mabuɗai ya kai ofishinsa, aka dakatar da akawun, aka bar jarrabawa yadda take.

A gida 'yar ta tare ta a ƙofa. "Mama, kin ga tambayoyin? Da wuya?"

"Na gani." Ta cire mayafi ta rataye. "Ɗauko littafinki. Daga farko za mu sake bi, har inda kika iya."