Ɓarawon Gilashin Kwamfuta

Sufeto Bunyaminu Ɗanmaliki ya daɗe yana kama ɓarayi a Bagudo, amma bai taɓa ganin sata mai ban haushi irin wannan ba.

Ƙofa ba a ɓalle ta ba. Talabijin na nan, keken ɗinki na nan. Gilashin kwamfuta kaɗai aka ɗauke. Akwatinta kuwa, inda komai yake ajiye, yana ƙarƙashin tebur ko taɓa shi ba a yi ba.

Matar gidan sunanta Munawwara. Mijinta ya rasu bara, ya bar mata yara biyu da cinikin busasshen kifi da ake kaiwa har Jamhuriyar Benin.

"Wa ke da makulli?" Sufeto ya tambaye ta.

"Ni, yallaɓai, sai Yaya Sufyan, wan mijina."

"Me ke cikin kwamfutar?"

Ta sunkuyar da kai. "Hotunan banza ke tasowa da kansu. Mata tsirara, tallar caca, ko gaban yara. Ban san inda sunka hito ba. Yaya ya gani, ya kira taron dangi jibi, wai a karɓe min ɗiyana. Kuma duk abin da na rubuta ma ƙanwata, sai in ji shi a bakinshi."

"Wa kika faɗa wa za ki gyara ta?"

"Shi. Jiya na ce mishi zan kai ta Birnin Kebbi a duba."

Kamar an kira shi, sai ga Alhaji Sufyan Riskuwa ya yi sallama, turare ya riga shi shigowa. Ya zauna a kujera, ya miƙe ƙafa ya ɗora a kan akwatin kwamfutar kamar matashin kai.

"Sufeto, ai ɓarawon nan aikin lada ya yi. Ya kwashe ƙazantar duka. Yanzu ba abin da ya rage sai shaidarmu, mu da munka gani da ido."

"Ka taɓa amfani da ita, Alhaji?"

"Ni? Ko inda ake kunna ta ban sani ba."

Sufeto ya dubi ƙafar, ya dubi mai ƙafar. A ransa ya ce wannan kaɗai ce gaskiyar da mutumin nan ya faɗa yau.

"Ɗaga ƙafarka. Zan tafi da wannan."

"Wanga akwati? Ɗauka mana. Ko mai gwangwan ba ya sayen shi."

A ofis Sufeto ya jona akwatin da gilashin kwamfutarsu, Munawwara na zaune a gefe. Bai bari kwamfutar ta shiga intanet ba.

"Da farko a yanke mata hanya," ya ce. "Mai leƙe ba ya gani sai da intanet."

Ya kunna ta yadda ba za ta ɗauko komai ba sai abin da ya zama dole. Ya kwafe duk abin da ke ciki ya ajiye don kotu, ya ware mata hotunan mijinta da takardun ciniki. Nan take wani jan rubutu ya taso, wai a danna nan a wanke kwamfuta kyauta.

"Shi ne nake dannawa kullum," in ji Munawwara.

Ya yi tsaki. "Shi ya sa suke ƙaruwa. Wanda ya jefa miki dattin ne yake tallar tsintsiya. Kada ki sake."

Ya jera manhajojin bisa ranar da aka saka su. Guda biyu baƙi sun shiga rana ɗaya: ɗaya mai watso tallar batsa, ɗaya mai kwashe duk abin da aka rubuta ta aika wani wuri. Ya karanta mata ranar.

Ta riƙe baki. "Ranar sadakar arba'in ɗin mijina. Ran nan Yaya ya kawo wani yaro, wai ya saka ma yara karatun Ƙur'ani."

Sufeto ya goge manhajojin biyu, ya tsince abubuwan da suka maƙale a burauza, wato manhajar shiga intanet, ya sa manhajar kariya ta gaskiya ta bi lungu-lungu har sai da ta dawo ba ta sami komai ba.

"Kalmomin sirrinki duka a canza su, kuma daga wayarki, ba daga nan ba."

Kafin ya goge ya riga ya duba adireshin da ake aika saƙonnin. Mai aikin ko kunya babu, sunan rumfarsa ya saka.

Rumfar tana kasuwar Lolo, bakin iyakar Benin. Mai ita, Ma'azu mai tura waƙoƙi a waya, yana ganin kaki ya fara murmushin tsoro.

"Ka san gidan Munawwara a Bagudo?"

"Ban taɓa taka Bagudo ba bana, ranka ya daɗe."

"Mene ne a buhun can?"

"Kihi."

"Kifi mai kusurwa huɗu? Buɗe."

Gilashin ne, an naɗe shi da tsohon rawani.

Ma'azu ya durƙusa. "Alhaji Sufyan ya kawo shi. Ya ce in ba 'yan kwale-kwale su ƙetara da shi Benin, su jefa a kogi. Na ce mishi ba a nan abin yake ba, ya ce in rufe mishi baki, shi da idonshi ya ga hotunan a ciki."

"Kai kuma da ka iya, ka sa sunan rumfarka. Tashi mu je."

Ranar taro dangi sun cika zaure. Alhaji Sufyan yana tsaka da bayani a kan tarbiyyar marayu Sufeto ya shigo, ya dire buhun a gabansa. Bayansa Ma'azu ne da ankwa.

"Ci gaba, Alhaji. Ka tsaya a wajen amana."

Alhaji ya dubi rawaninsa da ke leƙowa daga buhun. "Sharri ne. Ba ku da wata shaida, ai komai na cikin..."

"Cikin gilashi?" in ji Sufeto. "Gilashi taga ce kawai. Kayan suna cikin akwatin da ka ɗora wa ƙafa, har da ranar da ka saka su. Ana raba sadakar ƙanenka a waje, kai kana ɗaki kana haɗa wa matarsa tarko."

Wani dattijo ya matsa daga kusa da shi.

"Cinikin nan ni da ƙanena munka fara shi," Alhaji ya ce. "Wanda ke riƙe da yara shi ke riƙe da dukiyarsu. Ban so ta kai haka ba."

"Ka faɗa wa alƙali."

Aka ɗaga shi. Ya nemi a bari ya gyara hularsa, Sufeto ya ce motar ba ta jira.

Dattijon ya yi gyaran murya, ya kasa haɗa ido da kowa. "To, Munawwara, batun yara kuma..."

Ta miƙe ta gyara mayafinta.

"Ku gama taronku, Baba. An kusa tashi makaranta, za ni in ɗauko su."