Tambarin Gidan Mirdha

Masunta ne suka tsinci gawar da hantsi, ta maƙale a igiyar wani kwalekwale a bakin kogin Karnafuli. Kyaftin Anisul Mirdha ne, babban ɗan masu kamfanin jiragen dakon kaya. Kafin azahar 'yan sandan birnin Citagong sun kama Kala Miya, tsohon shugaban ma'aikatan jirginsa, don jiya kowa ya ji su suna cacar baki.

Sufeto Mofizur ya duba gawar. Rauni ɗaya ne, a ƙeya, likita kuma ya ce tun jiya da la'asar ya mutu. Agogo na nan, zobe na nan, saboda haka ba ɓarawo ba ne. Amma a ƙirjin farar rigar aiki, inda tambarin kamfani ke zama, babu komai. Ba yage shi aka yi ba. Warware ɗinkin aka yi a tsanake, aka ƙulle ragowar zaren sau uku.

Ya sa aka fito da Kala Miya.

"Baba, me ya haɗa ku?"

"Jirgin zai sayar wa masu yanka ƙarfe. Na ce masa kakansa ko a kabari ya fi shi hankali."

"Sai ka sauke masa ƙarfe a ka."

"Yallaɓai, shekara arba'in ina zagin 'yan gidan nan. Da zagina na kisa, da tuni sun ƙare."

"Miƙo hannunka."

Yatsu uku ne a dama, igiya ta cinye sauran. Hagun kuwa rawa yake. Sufeto ya miƙa masa allurar ɗinki, ta faɗi ƙasa har sau biyu.

"Rataye ni za a yi?" in ji tsohon, kamar mai tambayar lokaci.

"Ban sani ba tukuna."

Uwar mamacin, Begum Rokeya, tana zaune a bene saman tsohon ofishinsu da ke unguwar Sadargat, can Sufeto ya same ta. Shekara biyu gwiwa ba ta bar ta ta sauko ba. Hotunan jirage goma sha ɗaya ne a bango, na Kyaftin kaɗai ya rage a ruwa. Ba ta kuka. Ta sa aka kawo shayi, ya huce a gabansu.

"Mama, tambarin da ke rigarsa, irin na ma'aikata ne?"

"Nasu na tagulla ne, a kasuwa ake bugawa. Wannan na zaren azurfa ne, siffar kifi da anga, wato ƙugiyar tsayar da jirgi, guda ɗaya tal. Na surukina ne, tun yana dakon gishiri a jirgin katako."

"Idan mai shi ya rasu fa?"

"Ba a barin ruwa ya taɓa shi a jikin gawa. Magaji ke warware shi da hannunsa, ya ƙulle zaren sau uku, sannan a ɗauki mamaci."

"Wa ya san wannan?"

"Ni, sai 'ya'yana biyu."

Ta ɗauki kofin, ta mayar ba ta kurɓa ba.

Tofayel, ƙanen mamacin, ya hawo da takardun jana'iza a hannu.

"Ina kake jiya da la'asar?" in ji Sufeto.

"Ofishin tashar jirage. Ku tambaye su."

"Na tambaya. Ƙarfe uku ka fita." Sufeto ya gyara zama. "Ɓarawo agogo zai kwance. Kala Miya allura ma ta fi ƙarfinsa. Wanda ya zame ya faɗa kogi kuwa ba ya jira a cire masa tambari. Wani ne ya durƙusa kan yayanka bayan ya mutu, yana sauri, amma ya tsaya ya yi masa al'adar gidanku ƙulli uku. Mama ba ta sauka bene. Saura wa?"

Tofayel ya dubi uwarsa. Ita bango take kallo. Ya sa hannu a aljihun ƙirji, ya ajiye tambarin kusa da shayin.

"Yaya ya riga ya sa hannu a takardar sayar da jirgin, Mama. Ran Asabar za su fara yanka shi. Na kasa barin wannan ya bi shi ruwa."

"Ka sa takalminka ka bi Sufeto," in ji ta.

Da la'asar aka saki Kala Miya. Ya saurari bayanin a tsaye, bai yi hamdala ba, bai zagi kowa ba.

"To wa zai yi wa Kyaftin wanka?"

"Babu namijin da ya rage a gidan," in ji Sufeto.

Tsohon ya jinjina kai, ya tambayi wane asibiti aka kai gawar.