Gansakukar Jikin Lemo

"Kai! Ajiye wuƙar nan!"

Ɗan mai gonar ya waiwayo daga itacen lemon da yake kankara. Wata ɗaliba ce tsaye da littafi, tana huci.

"Wata huɗu ina ƙirga gansakukar itatuwan nan da izinin babanka. Iri goma sha bakwai! Wannan mai ruwan ɗorawar a nan kaɗai take, ka kankare ta!"

"Baba ya ce tana kashe itace."

"Zama kawai take a kan ɓawo. Wuƙarka ce ke ji masa ciwo."

Ranar ya raɗa mata Masifatu. Kafin sati biyu shi ke ɗaukar mata tsani, tana faɗa yana murmushi.

Da ya kai wa Baba zancen aure, Baba ya daka masa tsawa. "Wadda ta raina noman da na shekara arba'in ina yi? Ba a gidana ba!"

Mai shagon maganin feshi, wanda ya taɓa cewa yana son ta ta ƙi sauraronsa, ya ƙara zuga tsohon. Ranar da ɗan ya kai lemo kasuwa, ita ma ba ta zo ba, Baba ya sa aka feshe duk itatuwan da ta yi wa alama. Cikin kwanaki gansakukar ta ƙone.

Saƙonta ya shigo: "Kai kaɗai ka san ranar da ba na zuwa. Ka kashe min karatun shekara. Kar ka sake nema na."

Ya amsa: "Wallahi ban sani ba, Masifatuna. Ɗaga wayar ki zage ni, na yarda."

Ba ta ɗaga ba.

Ya durƙusa gaban Baba. "Kai ka ba ta izini, Baba. Amana ce muka ci. Ni da gonar nan na gama."

Kwana tara lemo na zuba yana ruɓewa, uba da ɗa ba sa magana. Sannan Baba ya je har gidan su ɗalibar da kansa.

"'Yata, na yi miki laifi. Akwai tsofaffin mangwaron mahaifina a bayan rafi, feshi bai taɓa su ba. Je ki ƙirga."

Iri ashirin da uku ta samu. Ta kira ɗan mai gonar. "Har yanzu fushi nake."

"Na sani. In turo?"

"Turo, kafin in canza ra'ayi."

Bayan ta gama karatu aka ɗaura. Baba ya dafa kawunansu ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai jin magana fiye da ku biyun nan."

"Amin," in ji amarya, da ƙarfi.