Itacen Jegon Nafi

Ruwan bai kai ga tafasa ba wutar ta yi ja, ta yi ƙasa, ta mutu. Hajiya Zinariya ta jijjiga tukunyar gas ɗin, ta kwantar da ita a gefe, ta sake ƙyasta ashana. Shiru kake ji. Ta ja tsaki mai tsawo.

"Nafi, butel ɗin gas ɗin nan ma ta ƙare. Ni ban san inda mai gidanki yake tsinto mana waɗannan rabin-cikan ba."

Nafi tana zaune a bakin katifa tana shayar da jaririyarta Muna, ba ta ɗago ba. Ta san tukunyar cike take zuwa. Ta kuma san inda kuɗinta yake fitowa, shi ya sa duk mutuwar wutar nan sai ta ji ta a ƙirjinta.

A can gida, idan mace ta yi haihuwar fari takan koma gaban uwarta ta yi wankan jego na kwana arba'in, miji kuma ya sauke itace. A Libreville ba a sauke itace a ƙofar gida, sai al'adar ta koma kan tukunyar gas. Hajiya kuwa ba ta san wani abu wai shi rabin wanka ba. Ƙatuwar tukunyar da ake dafa abincin suna take ɗorawa safe da yamma, a buɗe, don babu murfin da ya kai bakinta. Ga ƙauri da yake wuni yana ɓararraka, ga kunun kanwa. Idan gas ya yanke sai ta jefa ƙarfen dafa ruwa na lantarki a bokiti. Mita ɗaya ce ga duk 'yan hayar gidan da suke zaune a unguwar Nzeng-Ayong, da maƙwabta suka yi ƙorafi a kan takardar wuta, cewa ta yi su kwantar da hankalinsu, tana da suruki.

Surukin, Jaji, mutumin Garwa ne, yana da ɗan shagon atamfa a unguwar Glass. Tun bara da aka karya darajar kuɗin sefa kaya suka yi tashin gwauron zabo, masu saye suka ɗauke ƙafa. Ana cikin wannan gwamnati ta ba baƙi wa'adi: wanda takardarsa ta zama ba ta cika ba ya gyara, ko ya kama hanya. Nafi haifaffiyar ƙasar ce, takardunta tsaf. Katin Jaji kuwa ya mutu, kuɗin sabunta shi da ya daɗe yana tarawa su ne Hajiya take tafasa ruwa da su ba ta sani ba.

Da la'asar sai ga shi da sabuwar tukunya a kafaɗa, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa.

"Hajiya, barkanku da yamma. Ya mai jego?"

"Lafiya lau. An gode, Allah ya ƙara buɗi," ta amsa tana kallon bango. Sai ta ƙara da cewa, kamar da bangon take magana, "Mijin 'yar Hajiya Rabi'a dai bibbiyu yake kawowa, ruwa bai taɓa huce mata ba."

Jaji ya yi murmushi, kansa a ƙasa. Da Hajiya ta shige, Nafi ta fito ta zauna a ƙarshen bencin da yake, ta rage murya.

"Malam, saura nawa a kuɗin katin?"

"Ki bar wannan maganar. Ya jikinki?"

"Ni ce na tambaye ka. Jiya an ce 'yan sanda sun yi rafal, kamen baƙi, a kasuwa, mota guda suka cika da mutane. Ka bari in gaya wa Inna."

"Ki ce mata me? Ki ce wanda ta ba 'yarta ya kasa ruwan zafi?" Ya girgiza kai. "Nafi, ranar da na zo neman aurenki ba ni da kowa a garin nan, danginku suka ce baƙo ne, ita ta tsaya min. Ki rufa min asiri. Kwana nawa ne arba'in? Ana gamawa zan san yadda zan yi."

Ta yi masa alkawari, tana kuka ƙasa-ƙasa don kada a ji a ɗaki. Tana son mutumin nan, son da ya sa ba ta iya yi masa musu ko a inda ya kamata.

Washegari ta gwada ta wata hanyar. Hajiya tana tsoma ganyen mangwaro a ruwa tana fyaɗa mata, tunda runhu ba ya tsirowa a ƙasar, Nafi ta ce, "Inna, da an rage ruwan nan mana. A asibiti ma sun ce mai ɗumi ya isa. Ko mu koma gawayi — gas da lantarki sun yi tsada yanzu."

Hajiya ta tsaya da ganyen a hannu.

"Gawayi? In tsugunna a tsakar gidan haya ina fifita, matan gari su ce surukin Zinariya ya gaza? Na bar hayaƙi a Damagaram. Zancen asibiti kuwa, ƙanwata Rakiatou ta ji nasu. Sanyi ya shige ta, ta kumbura, a hannuna ta cika, jaririnta bai san ta ba. Ke kaɗai ce mace gare ni, ba zan yi caca da ke ba."

Idanun Hajiya sun ciko. Me Nafi za ta ce? Ga uwa tana tsoron rasa 'ya, ga miji yana tsoron zubewar mutunci, kowa don ita yake yi. Kalma ɗaya ce a bakinta da za ta raba gardamar, ta haɗiye ta. Kunya ado ce, babu mai musu, amma wannan kunyar ba ta ƙawata kowa ba.

Saura 'yan kwanaki a yi arba'in, wata ranar Laraba da hantsi, aka yi sallama. Hamadou ne, maƙwabcin Jaji a kasuwa, ɗauke da tukunyar gas cike. Ya ajiye ta a hankali, ya kasa haɗa ido da kowa.

"Hajiya, sai haƙuri. A hanyar bakin teku 'yan sanda suka tare taksin da Jaji yake ciki, aka ce kowa ya fito da takarda. Sun tafi da shi. Kafin ya hau motarsu ya roƙi direban taksin ya kawo min wannan, ya ce kada ruwan yamma ya yanke."

Nafi ba ta yi ihu ba. Ta zame ta zauna a ƙasa, tana kallon tukunyar da ta iso ba mai ita.

"Wace takarda?" Hajiya ta tambaya. "Ba ya da kati ne?"

"Ya mutu, Inna. Kuɗin sabunta shi ne muka yi wanka da su. Da su aka biya kuɗin wutar gidan nan. Ya hana ni faɗa, ni kuma na biye masa."

Hajiya ta dafa bango.

"Ni da nake yi masa habaici," ta ce. "Ashe ƙafafunsa nake ƙonawa. Me ya hana ku faɗa min? Dodo ce ni?"

An yi ta zirga-zirga, an roƙi manya, bai yi ba. Cikin mako aka sa shi da sauran waɗanda aka kama a jirgin ruwa zuwa Duwala. Nafi ba ta samu ko ganinsa ba. Ranar arba'in, da ya kamata a yi mata lalle a mayar da ita ɗakinta, ranar ta je Glass ta kwaso kayansu daga ɗakin da suke haya, don mai gidan ya ba wani ɗakin.

Da na sani ƙeya ce, amma Hajiya ba ta zauna tana shafa ta ba. Ita da ta bar hayaƙi a Damagaram, da kanta ta je wurin masu yankan katako ta roƙo dusar da suke zubarwa, ta sa aka yanka mata rabin duro, ta danƙare dusar a ciki da rami a tsakiya. Wutar takan wuni tana ci. Ta sa maƙeri ya buga wa ƙatuwar tukunyar murfi. Ruwan wankan Muna a baƙaƙen jarkoki ake shanya shi a rana, kafin azahar ya yi ɗumi ba a kunna komai ba. Wake a jiƙa shi tun da wuri, gas sai shayin safe da ƙaramar wuta, guga a tara ta a yi lokaci guda, ƙwan fitila ɗaya ya ishe su. Ƙarfen dafa ruwan kuwa ta jefa shi a kwandon shara. Tukunyar gas da a da ba ta kaiwa mako sai ga ta tana haye wata biyu.

Matan gari sun yi maganar da take tsoro, har da ƙari. Hajiya ta toshe kunne, ta kafa kaskon ƙosai a kan duron nan a bakin kasuwa, Nafi tana tuya da goyo a baya, hayaƙi yana ba ta uzurin hawayenta. Masu ba da shawara suka fara zuwa: yarinya ce, ta nemi saki, wanda aka kora ba ya dawowa. Nafi takan ce, "Saboda ni ya tafi." Ba ta ƙara komai a kai.

Abin da suka rage a wuta da abin da ƙosai ya kawo, da wanda Jaji ya haɗa da dako a Duwala, shi ya yi masa biza da sabon kati. Sai da aka haye shekara biyu.

Ya iso da rana tsaka, ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Ya fara tuɓe takalmi zai durƙusa, Hajiya ta riga shi kaiwa ƙasa.

"Ɗana, ka yafe min."

"Subhanallahi, Hajiya, ku tashi. Laifina ne da na yi shiru."

"Namu ne mu duka," Nafi ta ce, tana dariya tana kuka.

Haƙuri ya biya, amma bai dawo da abin da ya wuce ba. Wanda yake da ido ya ɗauki darasi: al'ada don mutum aka yi ta, idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, kuma gidan da ake jin kunyar cewa "babu" yana tare da babbar asara.

Nafi ta janyo Muna daga bayan zaninta. "Je ki, Baba ne."

Yarinyar ta ƙare wa baƙon kallo, ta taɓe baki, ta ruga ta ƙanƙame kakarta. Jaji ya janye hannayen da ya miƙa, ya share ido da bakin riga.

"Ku ƙyale ta," ya ce. "Ta jira ni ba ta san ni ba. Ni ma zan jira ta."