Ƙudan Zuman da Suka Ƙaura

A wani ƙauye can da nisa, an yi wani manomi mai amya a kan bishiyar ɗorawa. Duk ranar da ya hau ɗiban zuma, sai ya kwashe saƙar kakaf. Matarsa ta ce, "Maigida, ka bar wa ƙudan abin da za su ci." Ya ce, "Ai za su yi haƙuri."

Da wakensa ya yi fure, ya fesa masa maganin ƙwari, ƙudan suna kai suna tsotsa. Matar ta sake magana. Ya ce, "Ai za su yi haƙuri."

Ran nan ya tarar da amyarsa wayam. Ƙudan da suka tsira daga maganin sun koma amyar wata tsohuwa mai ajiye musu ruwa a kasko.

Ya kai ƙara wurin mai unguwa, wai an sace masa ƙudan zuma. Mai unguwa ya ce, "To, hau ka kwaso abinka."

Ya hau bishiyar da amyar tsohuwar take. Bai jima ba ya faɗo, leɓe ya kumbura suntum, ido ɗaya a rufe.

Mai unguwa ya dube shi da kyau, ya ce, "Lalle naka ne, Malam. Ga shi sun gane ka."