Lokacin da Ƙarfe ke Kama Ƙarfe

Ranar kasuwar Badagishiri, a daminar 1991, Labo ya sayi ƙosai, sai ya ga rubutun hannunsa a jikin takardar da aka ƙunsa masa. Aikin wata huɗu ne, duk ya sha mai.

"Ina kika samu wagga takarda?"

"Innarka ta ba ni," in ji mai tuyar, Tsahara ɗiyar Takama maƙeri. "Ta ce tun da ka zo hutu daga Faransa su ke hana ka cin abinci. To yau ga su da abinci a ciki."

Bai yi faɗa ba, ba shi da ƙarfin yi. Shekara tara yana bin abu guda: yadda ƙwayoyin zarra ke motsi a ɗan lokacin da sinadari ke haɗuwa da sinadari su zama wani abu. Ba kwalba, ba wuta, daga alƙalami sai wata babbar na'urar lissafi can Turai. Amsa kuwa ta ƙi fita.

Ya dinga zuwa wurinta kowace ranar kasuwa. Har ya rubuta mata: "Tsaharata, na gaji da komi ban da hanyar Badagishiri. Ci gaba da ƙunsa ƙosai, akwai sauran kwali biyu na takardun."

Da Labo ya nemi aurenta, Takama ya ƙi. Sha'ibu direba ma yana neman ta, shi kuwa kowa na ganin motarsa.

"Malamina," in ji Tsahara, "Sha'ibu ba na son shi. Amma in Baba bai yarda ba kafin ka koma, kada ka sake rubuto min."

Saura kwana shida ya koma, Labo ya shiga maƙera, ya zauna ya kama zugazugi ba a sa shi ba. Takama na haɗa bakin garma.

Takama ya ce, "Ɗan lakwal, mai karatun boko, wanda ba a taɓa ganin aikin hannunsa ba, ba na ba shi ɗiya."

"Baba, yaushe ƙarfen nan biyu ke zama ɗaya?"

"In sun yi fari, na buga."

"Ka taɓa ganin lokacin da suke kamawa?"

Takama ya juya ƙarfen cikin wuta. "Ana ganin biyu, ana ganin ɗaya. Tsakani ba wanda ya gani."

"Tsakanin nan nike nema."

"Ka samu?"

Da ya ce ya kusa, da an yarda. Labo ya ce, "A'a, Baba. Wataƙila har in mutu."

Tsoho ya ajiye masaba, ya share gumi. "Shekara arba'in ina bugu, ba wanda ya taɓa tambaya ta. Hura wutar, kana kashe min ita. Gobe ka turo manyanka."

An ɗaura aure ranar Juma'a, ango da kantar zugazugi a tafin hannu. Takama ya ce wa Tsahara, "Ki ciyar da shi, wannan ba zai tuna ba."

Allah ya ba su zaman lafiya, ya ƙara musu haƙuri.